Faifan da Yaya Nuhu Bai Ce a Fitar Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nuhu, kuma a bana na fi jin rashinsa, don an kawo mini wata magana da shi kaɗai ya kamata ya yanke ta. Tun da aka kawo ta na kasa zama wuri ɗaya. In ina wurin aiki, a gidan kula da tsofaffi da ke Bronx, hankalina yana gida. In na dawo gida unguwar Tremont kuma sai ɗakin ya yi mini kaɗan, in ɗauki mayafi in fita, in hau bas ban san inda za ni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko in na zube maganar a gaban jama'a zan ga kanta da gindinta.

Mutanen New York da suka san shi sun san shi ne da kaɗa fiyano, irin kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira jaz. Hausawanmu na nan kuwa, masu shaguna da direbobin tasi da ma'aikatan filin jirgi, Nuhu Mai Fiyano suke ce masa, wasu da sha'awa, wasu suna taɓe baki. Ni Yaya nake ce masa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, ni ce auta, kuma shi ya kawo ni ƙasar nan.

A Jos aka haife mu. Babanmu tela ne, ɗan Ƙadiriyya, duk yammacin Alhamis yana cikin masu buga bandiri a wurin zikiri. Innarmu daga gidan Kirista ta fito, ta musulunta kafin aurensu, amma ba ta yanke zumunci da danginta ba. Shi Nuhu, ni Saratu: sunaye ne da kowane ɓangare zai kira ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Ƙanen Inna, Kawu Bitrus, shi ke kaɗa ogan a wata ƙaramar coci, irin ogan ɗin nan da ake taka shi da ƙafa kafin ya sami iska ya yi kuka. Inna takan aiki Yaya ya kai wa Kawu abinci, sai ya daɗe bai dawo ba. Maƙwabta suka kawo wa Baba labari cewa ɗansa yana can cikin coci yana kiɗa.

Ba a haife ni ba lokacin, Inna ce ta ba ni labarin. Ta ce Baba bai ɗauki bulala ba. Ya rufe keken ɗinkinsa, ya taka har cocin, ya tsaya ta taga yana sauraro. Da yaron ya dawo gida, abin da ya ce masa kawai shi ne, "Hannunka na hagu malalaci ne. Zo ka riƙe bandiri." Daga ranar ya fara koya masa bugu. Har Baba ya koma ga Allah bai taɓa ce masa ya daina zuwa wurin Kawu ba, bai kuma taɓa ce masa ya ci gaba ba. Yaya ya yi ta juya wannan shirun a ransa tsawon rayuwarsa. Wata rana ya ce izini ne, wata rana ya ce haƙuri ne kawai irin na uba.

Wata ƙungiyar makaɗa ta Legas ce ta zo da shi Amurka. Ƙungiyar ta gama wasanninta ta koma, shi ya zauna. Ya wanke kwanuka, ya yi wa wani ɗan kasuwa ɗan Nijar dakon kaya a Harlem, ranar Lahadi kuma yana kaɗa wa wata cocin baƙaƙe a Brooklyn, fastonsu yana sane da cewa Musulmi ne. A nan wani tsoho ya ji shi, Abdul-Hakim, baƙin Ba'amurke da ya musulunta tun yana saurayi, mai kaɗa babban gogen nan na tsaye da suke kira bes. Shi ya ja shi jiki, ya riƙa zaunar da shi a ɗakinsa na ƙasa da rana yana koya masa hanyoyin jaz, kuma shi ya sama masa damar yin faifai na farko.

Yaya ba ya son a tuna masa da wannan faifan. In baƙo ya ɗauko shi, sai ya karɓe ya mayar can baya. Ba wai bai iya ba ne. Ya iya ƙwarai. Ya kwaikwayi manyan makaɗan ƙasar nan har ba a rarrabe su, kuma ba wanda ya damu ya saya. Ya ce mini bayan an gama, Abdul-Hakim ya dube shi ya ce, "Ka kaɗa kamar mutanen da suka mutu kafin ka zo. Ina naka?" Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Faifai na biyu shi ne ya fito da shi. Ya sa masa suna Yammacin Alhamis. Hannun hagu yana bugun bandirin Baba a kan ƙananan muryoyin fiyano, ba ya gajiya ba ya kaucewa, hannun dama kuma yana yawo a sama da amon waƙoƙin cocin Kawu, yana karya su yana sake ɗinkewa. Gidajen rediyo suka ɗauka. Aka gayyace shi Turai, aka gayyace shi Japan. A shekarun nan ya auri Khadija, 'yar Brooklyn, suka haifi Binta, ya kuma aiko aka yi mini takardu na zo.

Ganina na farko da shi a kan aiki a wani lambu ne a Harlem, da rana, lokacin zafi. Jama'a sun bazu a kan ciyawa. Ya fito da kaftani da hula zanna, ya zauna, ya sunkuya kamar mai neman allura. Da hannun hagun nan ya fara, sai na ji ƙofar gidanmu ta Jos, na ji Baba da abokansa, alhali Baba ya daɗe a ƙasa. Ban san ina kuka ba sai da wata Baturiya da ke kusa ta miƙo mini hankici. Da ya sauko na faɗa masa, ya yi dariya ya ce ai kukan nan shi ne ladan makaɗi.

Amma yana da iyakarsa, kuma ba ya ƙetare ta. Bai taɓa sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ko kiran salla a cikin kiɗa ba. Wani kamfani ya so ya ɗora muryar ladani a farkon wani faifai, wai zai ja masu saye. Ya ƙi, aka soke yarjejeniyar, bai waiwaya ba. Yakan ce abin da ya ɗauko daga zikiri bugun ne kawai, kalmomin ya bar su a inda ya same su.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Yawancin wuraren da ake kaɗa jaz gidajen shan giya ne. Shi ba ya sha, amma a gaban masu sha yake kaɗawa, kuma ya sani. Bayan ya dawo daga aikin Hajji abin ya ƙaru. Wata Juma'a, bayan an watse, ya tsaya ya tambayi limamin masallacinmu na Tremont, Malam Auwal, ɗan Zangon Kumasi, matashi ne a lokacin. Ya ce masa kada ya lallashe shi, ya faɗa masa gaskiya.

Malam Auwal ya ce, "Alhaji, abin da na karanta a wurin malamaina shi ne barinsa ya fi. Akwai malaman da suka sassauta, ba zan ɓoye maka ba. Amma tunda ni ka tambaya, ni ina tare da na farkon."

Yaya ya gode masa. Ya koma gida ya rufe fiyano, ya lulluɓe shi da zane.

Kusan shekara uku ya yi haka, kuma ban taɓa ganin mutum ya rame a tsaye irin wannan ba. Ya kama aiki a shagon wani abokinsa ɗan Damagaram a Port Richmond, kullum sai ya hau jirgin ruwa ya ƙetara, yana auna wa mata gari da manja. Mutumin da ba a san shi da faɗa ba ya koma mai saurin fushi. Yatsunsa kuwa ba su san an daina ba. A kan kanta suna bugu, a kan gwiwarsa suna bugu, har a kan faranti in ana cin abinci. In ya lura sai ya dunƙule hannun ya sa a aljihu. 'Yan masallaci suka yi ta yaba masa, ana ba da misali da shi. Khadija kaɗai ta san halin da yake ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya buɗe fiyanon waya ce daga Jos. An yi rikici a garin, ɗaya daga cikin waɗanda muka gaji da jin labarinsu, an ƙona gidaje da masallatai da coci-coci. Ranar Asabar ce da hantsi, ina gidansu, Kawu Bitrus ya kira. Ya tsufa sosai, idonsa ya tafi. Ya ce shi lafiya lau, amma cocin ta ƙone da ogan ɗin a ciki. Sannan ya ce, "Ɗana, ka kaɗa mini wani abu in ji."

Yaya ya tsaya riƙe da wayar yana kallon ƙasa. Sai ya miƙo mini ita ya ce, "Riƙe nan kusa." Ya yaye zanen. Ya kaɗa waƙar farko da Kawu ya koya masa, a hankali, kamar mai koyo. Ta cikin wayar ina jin tsohon yana bin amon da murya.

Daga nan ya yi faifai na uku, shi kaɗai ba abokan kiɗa, ya kira shi Ogan ɗin Kawu. Masana sun ce shi ne mafi kyau a cikin aikinsa. Amma bai koma gidajen giya ba har ya mutu, kuma wannan ya ci masa kasuwa. Ya koma kaɗawa a ɗakunan karatu, da makarantu, da asibitoci. Sunansa ya yi ta dusashewa. Wasu 'yan masallaci suka daina yi masa sallama da fara'a, wasu makaɗa kuma suka ce addini ya lalata shi. Ya zama ba ya nan, ba ya can. Na taɓa tambayarsa ko yanzu ya sami amsa. Ya ce, "Saratu, ban samu ba. In na bari, mutuwa nake yi ina tafiya. In na kaɗa, tsoro nake ji. Na zaɓi tsoron."

A yawon bas ɗin da nake yi kwanakin nan na bi ta wuraren da ya yi zamaninsa. Gidan kiɗan da aka fara sanin sa a Harlem yanzu shagon sayar da wayoyi ne. Ɗakin ƙasa na Abdul-Hakim, Allah Ya jiƙansa, an gyara shi an ba wasu haya. Ina tsayawa a gaban wuraren nan ina tunanin me Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi kukan gine-gine ba, don bai taɓa ƙaunar gidajen kiɗan ba. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne yadda kiɗa ya rabu da mai shi. Binta ta nuna mini a waya: wani saurayi a wata ƙasa ya yanko bugun hannun hagun babanta, ya ɗora nasa surutun a kai, kalmomin da ba zan iya maimaitawa ba, jama'a suna ta rawa. Mutumin da ya yi asarar yarjejeniya don kada a haɗa kiɗansa da abin da ya fi ƙarfinsa tsarki, ga shi an haɗa shi da abin da bai kai shi ba, ba wanda ya nemi izini. Ta ce har na'ura ma yanzu tana iya ƙirƙiro kiɗa irin nasa in an umarce ta. Zai yi fushi? Ko zai sa kunne ya ce hannun hagun na'urar ya cika tsabta, ba gumi a jikinsa? Ban sani ba. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma Yaya bai taɓa zama mai saurin canza rawa ba.

Akwai kuma abin da nake jin zai faranta masa. 'Ya'yanmu da aka haifa a Bronx, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, wasunsu sun fara neman faifansa. Wata yarinya 'yar gidan wani direba ta tare ni a bakin masallaci ta ce tana koyon fiyano a makaranta, malaminta ya ce mata akwai Bahaushen da ya yi suna a wannan fanni, da gaske yayana ne? Uban yana tsaye yana murmushi. A zamanin Yaya, da ya ja hannunta sun wuce.

Yanzu bari in zo ga maganar da ta hana ni sakat.

Ciwon ƙoda ne ajalinsa. A shekararsa ta ƙarshe, a ranakun da ba a yi masa wankin ƙoda, ya riƙa zuwa wani ƙaramin situdiyo, ɗakin ɗaukar kiɗa, a unguwar Jamaica, cikin Queens, da safe, ni nake raka shi. Ƙarfinsa ya tafi. Hannun dama yana rawa, yana faɗawa inda ba a aike shi ba. Ya ɗauki kiɗa isasshe na faifai guda. Da aka gama, mai situdiyon ya tambaye shi yadda za a yi da shi. Yaya ya karɓa ya miƙo mini ya ce, "Ajiye tukuna." Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, don ina ganin akwai lokaci.

Ranar jana'izarsa makaɗa suka zo da baƙaƙen kwat, Kirista da Yahudawa da waɗanda ba su da addini, suka jeru a bakin titi suna jin nauyin shiga. Malam Auwal da kansa ya fito ya ce su cire takalma su shigo, akwai wuri a baya. Shi ya sallace shi, shi ya shiga kabarin ya karɓe shi.

A farkon bana wani ƙaramin kamfani ya nemi Binta, suna so su fitar da faifan. Ita da mahaifiyarta sun yarda, amma sun ce ba za su yi ba sai da amincewata, tunda ni ya ba ajiya. Binta ta zama cikakkiyar mace, tana koyarwa a makaranta. Ta zauna a gabana ta ce, da Turanci kamar kullum, "Gwaggo, da ba ya so a ji, da bai sha wahalar zuwa ba."

Gaskiya ta faɗa. Amma ita ba ta taso da abin da na taso da shi ba. Mu an koya mana cewa akwai aikin da ke bin mutum kabari, na alheri yana bi, na sharri ma yana bi. In kiɗan nan laifi ne, to duk wanda ya kunna shi nauyi nake ƙara wa ɗan'uwana a inda ba ya iya cewa a'a. In kuma ba laifi ba ne, na danne aikin ƙarshe na mutumin da ya ja jikinsa yana haki ya je ya yi shi. Gaba kura, baya siyaki. Kuma "tukuna" ba e ba ce, ba a'a ba ce. Ɗan Baba ne na gaske, ya bar mini irin gadon da aka bar masa.

Na je wurin Malam Auwal. Gemunsa ya yi fari yanzu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Hajiya, ra'ayina a kan kiɗa bai canza ba. Amma hukuncin kiɗa na karanta, ban karanta hukuncin Nuhu ba. Wannan ba a hannuna yake ba." Na ce to me zan yi? Ya ce in yi istihara, in kuma saurari abin da nake shirin yanke hukunci a kansa, don ya lura ban taɓa kunna shi ba.

Haka ne, ban taɓa ba. Ranar Lahadi bayan azahar muka zauna da Binta muka kunna. Ba kiɗan gwaninta ba ne. Ana jin numfashinsa, ana jin kujera tana ƙara. A wani wuri yatsa ya zame, ya tsaya, ya ce "Astagfirullah" a hankali, ya yi 'yar dariya, ya sake ɗauka daga inda ya faɗi. Kamfanin sun ce da na'ura za su iya goge duk wannan, ya fito sumul kamar na mai lafiya. Da na ji haka sai na gane abin da zan iya yarda da shi da wanda ba zan iya ba. Na ce wa Binta a fitar, amma kada a taɓa komai. Hakin, da kuskuren, da istigfarin, duk a bar su. Wanda zai ji Nuhu ya ji shi yadda yake, mutum mai kaɗawa yana neman gafara a numfashi ɗaya. Kamfanin sun yi gardama kaɗan, daga baya suka amince.

Na ɗauka in na yanke zan sami natsuwa. Ban samu ba tukuna, har yanzu ina hawa bas.

In na auna abin da ya rage na Yaya, ba suna ba ne, don sunan ya fara tafiya tun yana raye. Faya-fayan ma ban san iya nisan da za su je ba, ko hannun wa za su faɗa. Abin da na tabbata ya rage shi ne hali. Bai yi wa makaɗa ƙaryar cewa addini bai dame shi ba don su karɓe shi, bai kuma yi wa 'yan masallaci ƙaryar cewa ya tsani fiyano don su yabe shi ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da ya fi jin daɗin duniya. Ya ɗauki tambayarsa a ka, ya tafi da ita wurin Wanda Ya san amsar.

Allah Ya jiƙan Nuhu, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa abin da ya bari ya zame masa haske. In kuwa akwai nauyi a cikin faifan nan, na roƙi Allah kada Ya ɗora masa. Shi cewa ya yi a ajiye. Ni ce na ce a fitar.